Ruwan da Ya Ci Waken Baba

Inna ta iso Yamai da ƙullin kaya ɗaya da gora ɗaya. Ƙullin ta bar wa maigidana ya sauke daga bayan kamyo, babbar motar kaya, amma goran a cinyarta ya yi tafiya tun daga ƙauyenmu na bakin gulbin Maraɗi, kuma ko hannu ba ta yarda an sa masa ba. 'Yan shekaru ne da samun mulkin kai a lokacin. Ba a yi gada ba tukuna, da bak, babban jirgin fito, ake tsallaka kogi. Muna haya a unguwar Maourey, gida mai mutane da yawa, ni da maigidana da yake direba da jaririyar da nake goyo.

Waken Baba ne a cikin goran, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, an toshe bakin da tsumma da laka. Wake ne fari, manya, mai jan hanci, ba baƙin hanci irin na kasuwa ba. Baba ya gaje shi daga mahaifinsa. Kowace kaka yakan zauna a tabarma ya ware kwanson da ya fi tsawo da cika, ya ce wannan ba na tukunya ba ne. Daminar da ya kwanta ciwo ba a shuka shi ba. Ciwon ƙirji ne, numfashi ya yi ta guntulewa har Allah ya karɓi abinsa da kaka. Da Inna ta fita takaba muka roƙe ta ta zo ta zauna da mu, ta zo da bazara.

Damina ta biyu ta wuce waken yana rataye a bango, don tsakar gidanmu daɓe ne, awakin mutane kuma ba sa barin ko tsinke. Inna ta rame. Sai ta zauna a bakin ƙofa da carbi tana kallon ruwan sama yana bin kwata, ta ce, “Wannan ruwa duk a banza.” Tuwo in na kai mata sai ta gutsiri gefe ta ture kwanon.

Maƙwabciyarmu ce ta ga abin ya ishe ta. Tsohuwa ce Bazabarma mai sayar da busasshen kifi, Hausarta ta kasuwa ce, gajera mai kaifi. Tana da garka a bakin kogi wajen Gaweye. Wata safiya bayan ɗaukewar ruwa ta ja Inna, ni ma na bi su da goyo. Saman garkar albasa ce da tumatir, babu wurin sa ƙafa. Can ƙasa kuwa, inda jan ruwan damina ya ja da baya, ga ƙasa baƙa mai laushi a shimfiɗe har bakin ruwa.

Inna ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta shinshina. Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta haka ba.

“Wannan ta wane ce?”

“Tawa ce, ba tawa ba ce,” in ji maƙwabciya. “Ta ruwa ce. Aro yake ba mu. Zai komo.”

“Ya komo daga ina? Zanensa ya manta?”

“Ke dai tsohuwa, na gaya maki. In kina so, ɗauka. Amma ruwa zai komo.”

A wajenmu haka ake yi, kuma Inna ba ta yi kuskure a kan gulbin da ta sani ba. In damina ta wuce gulbinmu ja yake yi da baya har ya zama rairayi, mutane su bi sawunsa suna shuka a danshin da ya bari, ba ruwansu da ban-ruwa. Shekarunta duka a kan haka ta yi su. Gulbi a wurinta ɗan hadari ne: in babu hadari, babu shi.

Ni kuwa na san abin da maƙwabciya ke nufi, don an nuna mana shi a lakwal, wato makarantar boko. Ina cikin 'yan matan da aka ɗebo daga ƙauyuka aka kai karatu, har na yi kwalej a nan Yamai. Madam ɗin da ke koya mana sha'anin ƙasa da tsirrai ta taɓa fitar da mu fili, ta sa aka haƙa dogon rami siriri a cikin rairayi, a tsakiyarsa ta shimfiɗa tsofaffin buhuna. Ta zuba ruwa daga can sama. Ruwan ya gangaro da gudu, da ya iso buhunan sai ya bazu ya ɓace. Har mun fara surutu mun manta da shi, sai ga shi ya ɓullo a hankali yana taɓa ƙafafunmu. Ta ce can saman duwatsun Gine ne inda kogin ya faro, buhunan kuwa faffaɗar fadamar ƙasar Mali ce da ke riƙe ruwa watanni, ƙafafunmu su ne Yamai. Jan ruwan da muke gani da damina namu ne, na kwarurukan kusa. Akwai na biyu a bayansa, ruwan da aka yi a nesa tuntuni, yana hanya.

Da muka koma gida na ɗauki tsinke na ja layi a tsakar gida, na sa tsumma a tsakiya, na zuba ruwan buta. Inna tana kallo tana jan carbi.

“To, madalla. Nasara sun tahi, sun bar mana ɗiya mai koya wa gulbi hanya.”

“Inna, don Allah ki duba. Kin ga ya fito?”

“Na ga kin jiƙa mini tsumma. Ke 'yar nan, Allah ke saukar da ruwa, ba madam ba.”

“Allah ne, Inna. A nesa ya saukar da shi, bai iso ba ne kawai.”

Sai ta tashi ta sauko da goran ta fasa lakar. Ta zazzago kaɗan a tafin hannu ta hure tokar. Wasu ƙwayoyin sun riga sun huje.

“Kin gani? Damina biyu ya kwana. In na jira ta uku gari zan tarar. Wannan ma madam ta koya maku?”

Ta koya mana. Ƙwayar iri rayayya ce, tana numfashi a hankali cikin ɓawonta tana cin guzurinta, in ya ƙare ta mutu. A nan Inna ce da gaskiya, kuma na faɗa mata haka. Na roƙe ta ta bar mini ko cikin hannu guda. Ta ce tsohon iri rabinsa ba ya tashi, sai an cika kowane rami, ba ta da na ajiya. Washegari ta shuka shi duka.

Ya tashi. Ba duka ba, amma ya tashi da kyau, kore shar a kan baƙar ƙasa. Inna ta tashi tare da shi. Daga sallar asuba sai ta ɗauki 'yar fartanyarta ta gangara Gaweye, ta dawo da hantsi ƙafa duk laka tana tambayar ko akwai sauran fura. Ta koyi gaisuwar Zabarmanci, tana ɓata ta, masu wanki a bakin ruwa suna dariya, ita ma tana yi. Ta fara yi wa jikarta waƙa. Wata rana ma ta ce da maigidana, ta bayan labule don kunya, in an girbe za ta yi masa alalar da zai manta hanyar Dosso.

Ban taɓa roƙon Allah ya ƙaryata abin da na sani ba sai a wannan shekarar. A kowace sujada ina cewa: Ya Rabbi, ka sa madam ta yi kuskure, ko ka jinkirta ruwan har waken ya nuna.

Launin kogin ne ya fara sakewa. Jan ya washe, ruwan ya yi duhu, har ana ganin ƙafa a cikinsa. Sama tas, ko ɗigon girgije babu. Masu wanki suka jawo duwatsunsu sama ba tare da wata magana ba, masu kwalekwale suka sake turke. Inna ta kafa kara a bakin ruwa. Da ta dawo ta tarar da shi tsaye a cikin ruwa, ta ce iska ce ta turo. Ta cire ta kafa a gaba. Shi ma ruwa ya same shi.

Ranar da maigidana bai yi tafiya ba ya tara abokansa direbobi, suka zo da buhuna suka cika da rairayi suka jera tsakanin waken da kogi. Suna aiki suna tsokanarta.

“Inna, wannan wake in ya nuna da mu za a ci, ko sai 'yan Maraɗi?”

“Wanda ya ɗauki buhu biyu ya ci. Kai mai jar hula, tun ɗazu baki kake ɗauka.”

Shingen ya tsaya, ruwa bai haura shi ba. Ta ƙasa ya zo. In ka taka ka ɗaga ƙafa, sai sawun ya cika da ruwa kana kallo. A lokacin waken ya yi fure, wasu har sun fito da 'yan kwanso sirara kamar allura. Sai ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, sannan na sama suka sunkuya.

Na same ta tsaye a ciki, ruwa a idon sawunta, tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.

“Ke da kika yi lakwal, gaya mini. Ga ruwa har wuya. Mi ya sa suke yaushi kamar masu ƙishirwa?”

Na ce saiwa ma numfashi take yi. Akwai iska a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ita saiwar ke shaƙa. Ruwa ya cika ƙofofin ya kori iskar, saiwar ta shaƙe, ba ta iya ko jan ruwan da ke kewaye da ita.

“Nutsewa suke yi, Inna.”

Ta saki ganyen da ke hannunta. Sannan ta ce, “Haka babanki ya yi. Ga iska cike da ɗaki.”

Muka tono waɗanda suka fi ƙarfi muka sa a gwangwanaye da tsohuwar tukunya, maƙwabciya ta matsa albasarta ta ba mu wuri a sama. Ba ta ce “na gaya maki” ba, Allah ya saka mata da alheri. Amma wake ba ya son a taɓa masa saiwa, balle wadda ta riga ta ruɓe ta yi baƙi. Suka bushe a tsaye. Na ɓare kwanson da na samu, babu komai ciki sai ɗan ruwa-ruwa. Kafin wata ya ƙare kwalekwale na wucewa ta kan inda Inna ta shuka.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta koma bakin ƙofa da carbinta, ta koma ture kwano. Wata safiya bayan ta shafa addu'a ta ce, “A kai ni gida, inda ruwa ya san lokacinsa.” Na durƙusa na roƙe ta da Allah da Annabi. Ta dafa kaina ta ce ba fushi take yi ba, gajiya ce. Maigidana ya sa ta a gaban kamyo. Goran ta bar shi a rataye, ban sani ba ko mantuwa ce.

Bazara ta shigo, kogi ya ja da baya. Ina ta yi mata addu'ar lafiya, na saya mata zane mai shuɗi na ajiye sai an sami mai tafiya. Wani yammaci maigidana ya shigo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba, ya zauna a ƙasa. A tasha wani mai fataucin albasa daga wajenmu ya tare shi yana yi masa ta'aziyya, yana tsammanin mun sani. An binne Inna, an yi sadakar bakwai, har mutane sun watse. Duk kwanakin da nake ɗaga hannu ina cewa Allah ya ba Inna lafiya, tana kabarinta. Abin ya faru a nesa tuntuni, yana hanya, ni ina ninke zane.

Bayan masu gaisuwa sun ragu na sauko da goran na juye tokar a faifai. Akwai 'yan ƙwayoyi da suka maƙale a gindi, farare masu jan hanci, kowace da 'yar huda. Na yi yadda muka yi a lakwal: auduga mai danshi a cikin kwalba, na jera su ta jikin gilashi inda zan gan su, na sa a inuwa. Washegari sun kumbura, sun yi ɓul-ɓul kamar ranar da aka girbe su. Har na fara murna. Amma na tuna madam ta ce mataccen iri ma yana shan ruwa ya kumbura, kada mu yi murna sai mun ga farar saiwa ta fasa ɓawo. Na jira saiwa. Ina idar da salla in leƙa kwalbar. Abin da ya fito fumfuna ce, fara-fara da farko, daga baya baƙa.

Yanzu na tsufa fiye da Inna a ranar da ta iso da goranta. An yi gada, garkar maƙwabciya ta zama gini. Wake na kasuwa nake dafawa kamar kowa, amma ban yarda wani ya tsince mini shi ba. Jikokina suna cewa na cika ɓata lokaci a kan faifai, tsakuwa nawa ce a ciki. Ba tsakuwa nake nema ba. Hanci nake dubawa, ƙwaya bayan ƙwaya, ko wani daga wajenmu ya taɓa roƙon Baba iri ya kai gonarsa. Har yau duk baƙi ne.