Sunan da na sauya, laifin da Malam Isufu ya ɗauka

Ina shanya wanki da hantsin Talata direktan kolejinmu ya kira ni. Ya ce Malam Isufu ya cika a asibitin Dogon Dutsi, bayan jinyar kwana huɗu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bakin rijiya.

Ni sakatariya ce a kolejin nan na Tibiri. Malam Isufu shi ke kula mana da ordinatoci, wato kwamfutoci, daga Kore Mairuwa yake zuwa a kan tsohon babur. Ba ya taɓa na'ura sai ya gaisa da mai ita. Yakan ce, «Ku gaya mini mi kunka taɓa, gyara ya yi sauƙi.» Ni ce na kasa yin haka, kuma yau abin yana ci na.

Da na dawo daga hutun haihuwa, murna ta ɗebe ni, na sauya wa babbar ordinatar ofis suna, na sa mata Nafisa, sunan ɗiyata. Ashe da tsohon sunan sauran injuna uku suke nemanta. Nan take suka ɓace mata, na'urar buga takardu ta ƙi motsi. Ranar ce kuma za a miƙa jerin sunayen masu jarrabawa. Direkta ya rantse duk wanda ya yi wannan aika-aika zai bar ofis. Na yi gum, ga goyo a baya.

Malam Isufu ya iso, ya duba allo, ya ga sunan. Ya dubi goyona sau ɗaya. Sai ya ce wa direkta, wanda muke kira Mushe don girmamawa irin ta Faransanci, «Mushe, ni nis sauya shi jiya, nim manta ban ƙarasa ba.»

Ya sha faɗa a tsaye, a gabanmu, mutum mai furfura.

Da ya so, sai ya mayar da tsohon sunan ya huta. Bai yi ba. Ya buɗe fayil ɗin da tsohon sunan ya maƙale a ciki, ya gyara, ya kashe injin ya kunna. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana sanar da su sabon suna. A hankali ya ce mini, «Ɗiyata, in anka raɗa suna, sai a zagaya a shaida ma maƙwabta.» Kafin azahar jerin ya tafi.

Shekara biyu ina cewa gobe zan faɗa wa direkta gaskiya, gobe zan gode wa Malam. Tsoro ya hana ni, sannan kunya. Mushe direkta, jama'a, ku ji yau: ni ce. Bai taɓa yin wannan kuskure ba.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Allah ya ba Inna Hadiza, mai ɗakinsa, da ƴaƴansa haƙuri, ya tsaya musu. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don na makara.