Baba Ciyaman da Filin Bayan Tasha

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba Ciyaman ya fara yin sallama a zaurenmu na Kwaciri. Ina tsakar gida ina zuba wa awaki dusa aka kira ni. Na tarar da wani dogon dattijo Ibo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Sabon Gari, takalmansa duk taɓo. Wai ya ga yadda nake jifan mangwaro, yana so in shiga ƙungiyarsa ta besbol, wasan da mahaifina bai taɓa jin sunansa ba. "Alhaji, ara mini shi," ya ce wa mahaifina. "In ya lalace, ni za ka kama."

Shi ba ya koyar da wasan, ƙafarsa ɗaya ma da ƙyar take ɗaukarsa. Amma shi ya roƙo mana fili a bayan tasha, shi ya sa kafinta ya sassaƙa mana sandunan bugu, ya sa baduku ya ɗinka mana safar hannu ta fata. Muna gama ɗiban ruwa da aiken kasuwa sai mu ruga can, yaran Fagge da na Sabon Gari, buhunan siminti ne sansanoninmu, wato wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka. In la'asar ta yi, da kansa yake tsayar da wasa mu yi salla, su Chidi, yaron da ke cafe mini ƙwallo, su zauna jiranmu.

Sai wata tarzoma ta tashi a gari. Da ƙura ta lafa, iyaye suka hana yara ƙetare titin da ya raba Fagge da Sabon Gari. Baba Ciyaman ya bi gida-gida yana jan ƙafa, amma ko a namu zauren mahaifina kai kawai ya girgiza. "Yaran ba su yi faɗa ba, Alhaji," dattijon ya ce a hankali. An ce kullum yakan je filin ya zauna shi kaɗai, har aka kewaye wurin da kwano. Daga baya 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu, can ya rasu. Labarin bai iso mu ba sai bayan an binne shi.

Yau shaguna ne a wurin. Chidi na sayar da kayan gyaran mota kusa da Bata, muna gaisawa, muna tambayar iyali. 'Ya'yansa da nawa kuwa ba su san sunayen juna ba.