Bakin da Bajamushe Ya Buɗe

Ƙanena ya iya ƙwallo, amma ya fi iya ɓoye Hausa. A gidanmu na unguwar Hajj Yusuf, Baba zai yi masa magana da Hausa, shi kuma ya mayar da Larabci. In ya shiga bas ɗin hayar da nake tuƙawa, tun kafin mu kai gada sai ya ja min kunne: "Yaya, kar ka yi min Hausa a gaban mutane." Ban ga laifinsa sosai ba. Zamanin soja ne, a bakin gada ana tare samari a nemi takardu, kuma wanda harshensa ya bambanta tambayarsa ta fi ta kowa tsawo, ko da a gonakin Jazira na ƙasar nan aka binne kakansa. Sai dai abin yana cin Baba, ni kuma yana ba ni haushi.

Wata babbar ƙungiya a birnin Omdurman, ƙetaren gada, ta ɗauke shi ɗan baya, muka yi ta murna, sai ga shi kullum a benci kamar an kafe shi da ƙusa. Ana cikin haka aka kawo sabon koci, Bajamushe. Ƙanena ya dawo gida da tarihinsa kaf: shi ma ɗan baya ne a ƙasarsu, ya daɗe yana bugawa har gwiwa ta gaza, ya koma horar da ƙananan ƙungiyoyi, daga nan ya yi ta yawon ƙasashe har rabo ya kawo shi zafin Omdurman. Mutumin ya ba 'yan bayansa aron kaset na wasanninsa na da, muka je gidan maƙwabcinmu mai bidiyo muka cika tabarma. Ga shi nan da gashi har wuya da gashin baki, yana nuni da hannu, yana tura wannan, yana jawo wancan. Baba, wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, ya ce, "Wannan bawan Allah da baki yake wasa ko da ƙafa? Tun da aka fara bai rufe shi ba."

Ashe Baba ya gano karatun. Dokar Bajamushen ke nan: ɗan bayan da ba ya magana da abokinsa ba zai sa riga ba. Ga shi ƙungiyar ta sayo wani dogon Bakano ɗan baya, gwanin buga ƙwallo da ka, wanda Larabcinsa bai wuce na salla ba. Duk wanda aka haɗa shi da shi sai sun yi karo. Ƙanena kuwa yana jin duk ƙunƙunin da yake yi, har da kewar tuwon gidansu, amma ya yi gum. Na ce masa, "Kai, ya zol, mutumina, rigar nan a bakinka take, ka tsaya kana kallon ta!" Ya ce in ƙyale shi. Daga baya kocin ya gaya masa ta bakin tafinta cewa zai gwada shi sau ɗaya, in bai jiyo muryarsa daga benci ba, ya nemi wata ƙungiyar.

Ranar wasan na lallaɓa Baba har ya yarda ya naɗa rawani ya bi ni. Muka samu wuri a ƙasa, dab da wayar shinge. Fili ya cika maƙil, ganguna, tutoci, masu gyaɗa suna ratsa mutane. Muna gaba da ci ɗaya aka dawo hutu, sai na ga ƙanena a bakin layi yana ɗaure takalmi. Na damƙe hannun Baba har ya ce in sake shi.

Ya shiga, ya tare ƙwallo mai kyau, ya sake tare wata, baki a rufe. Bajamushen yana tsaye, fuska ta yi jajir, yana nuna masa kunne. Sai aka ɗago wata ƙwallo daga gefe, fili ya yi tsit, wani ɗan gaban abokan karawa ya sulale ta bayan Bakanon bai gan shi ba.

"Bayanka! Ɗan'uwa, bayanka!"

Wallahi har inda muke muka ji. Bakanon ya juya, ya tashi sama, ya watsar da ita da ka. Da ya dira sai ya tsaya yana kallon ƙanena baki buɗe, kamar ya ga ɗan unguwarsu a tasha. Daga nan fa bakin yaron nan bai ƙara rufuwa ba. "Bar min! Fito, fito! Hagunka! Yalla, mu matsa!" Ni ma na haye kan kujera ina tayawa, Bajamushen yana dukan iska da hannu. Wani na kusa da mu ya tambaya da Larabci wane yare ne wannan. Baba ya miƙe, rawani ya warware ya zubo kafaɗa, ya ce, "Hausa ce. Ɗana ne." Daɗin da na ji a lokacin ban san inda zan sa shi ba.

Aka tashi ba a rama ba, kocin ya rungume su biyun, riga kuma ta zama ta ƙanena. Na kwaso Baba da ƙanena a bas tare da fasinja cike. Muna kan layin gada, soja yana leƙa motoci, sai ƙanena ya sunkuyo daga kujerar baya, murya a dishe, ya ce da Hausa, "Baba, akwai sauran ruwa? Maƙogwarona ya bushe."

Gorar tana kan cinyar Baba, kuma ya ji sarai. Amma sai ya kara hannu a kunne ya ce, "Me ka ce, ɗana? Sake faɗa."