Kwana Goma Sha Ɗaya a Tekun Ƙanƙara

Da ƙuruciyata na bi jiragen ruwa har na gaji: Bur Sudan, Suwais, Marsiliya, Legas, Mumbai. Kowace tasha da warinta, kowace da irin zagin da 'yan dako ke yi, kuma na koyi in mayar da martani da harshe huɗu. Daga baya na zauna a Jidda, na zama tafinta a wani ɗan kamfani da ke kai wa jirage nama da shinkafa da albasa. A duk tsawon shekarun nan abu ɗaya ban taɓa shakkarsa ba: jirgin da ya taso daga Gabas za shi Turai, dole ya wuce ta ƙofar gidanmu.

Ɗana na biyu ne ya fara rushe mini wannan. A unguwar Hindawiyya nan Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma kuku ne, a kamfanin da na bari yake aiki. Wata rana bayan la'asar ya zo ya zauna a gabana, ya ce ya samu aikin wata huɗu a wani jirgin kaya, kafili, wato mai kamfanin da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarda ya ba shi hutu. Jirgin zai tashi daga Sin zuwa Turai, amma ba ta Bahar Maliya ba. Ta sama zai bi, ta bayan Rasha.

Na ce, "Can ai babu hanya. Ƙanƙara ce."

Ya ce, "Da ke nan, Baba. Yanzu tana narkewa, da rani hanya na buɗewa. Wallahi aƙrab, ta fi kusa sosai. Jirage sai ƙaruwa suke."

Uwarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai da ke sa rigar sanyi idan an kunna mukayyif don a sanyaya ɗaki? Kai ne za ka ƙanƙara?"

Ni ba sanyin ne ya dame ni ba, takarda ce. Duk da nan aka yanke masa cibiya, baƙo ne, da iƙama, takardar izinin zama, yake zaune kamar ni. In zai fita sai da bizar fita da dawowa, kuma in wa'adinta ya cika yana waje, ƙofa ta rufe. Ƙasar da fasfonsa ya ce tasa ce, sau biyu ya taɓa taka ta, yanzu kuma ba ta zaunuwa. Matarsa da 'yarsu ta goye suna sama da mu a bene ɗaya.

Ranar da bizar ta fito ya kawo mini ita. Wa'adin da watan Musulunci aka rubuta, tsakiyar Rabi'us Sani, kwangilar jirgi kuwa da watan Bature. A unguwarmu ni ake kawo wa irin wannan lissafi. Na tashi na duba kalandar da ke rataye a bayan ƙofa, na bi da yatsa, na ce masa yana da sararin mako biyu bayan saukarsu. Ya ce halas, shi ke nan. Bai ko sake dubawa a waya ba, don ni na faɗa.

Ya tafi. Yana aiko mana da saƙon murya idan sun samu layi. Ya ce ruwan can baƙi ne wuluk, ba irin shuɗin namu ba, kuma ba a jin ƙarar komai sai inji. Ya ce tsofaffin ma'aikatan jirgin sun fi tsoron ƙanƙarar yanzu a kan ta da. Ta da tana nan wuri guda kamar bango, ka san inda take. Ta yanzu ta farfashe, iska ke kora ta, yau hanya fes, gobe an toshe. Na ga hadari a tekun Hindiya, na ga hazo a bakin Marsiliya da ba ka ganin hannunka, amma ban taɓa jin hanyar da ke rufe kanta a bayan mutum ba.

Sai ga saƙo cewa sun tsaya. Iska ta tara musu ƙanƙara a wani matsatsin mashigi, su da wasu jirage biyu, suna jiran jirgi mai fasa ta ya zo ya ja musu gaba. Kwana uku, kwana biyar. Ya ce, "La tishil hamm, kada ka damu, Baba, ai da sauran lokaci, kai ka lissafa."

Da safiyar kwana na shida na koma bayan ƙofar don in kwantar da hankalina. A nan na ga shekarar da ke rubuce a saman kalandar. Ta bara ce. Na ƙi cire ta ne saboda manyan lambobinta, ta bana ƙanana gare ta, idona ba ya kama su. Ni da na shekara hamsin ina gaya wa sababbin zuwa cewa watanmu yana riga na Bature da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ni ne na manta. Sararin mako biyu ya koma kwana uku, ƙanƙara kuma ta riga ta cinye shida.

Na zauna a ƙasa. Uwarsa ta same ni haka ta ce, "Alhaji, jiri ne?" Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, na so a ce ta yi. Mayafinta kawai ta gyara ta ce, "To tashi ka je wajen mutanen nan. Yarinyar sama kada ta ji tukuna."

Tsohon kafilin da na yi wa aiki ya rasu, ɗansa ke riƙe da ofis a unguwar Sharafiyya. Da uban ne, sai na sha gahawa fanjali uku kafin in buɗe baki, shi kuma ya gane abin da ya kawo ni tun a na farko. Wannan ko kujera sai da na nema. Ya ce, "Khair, ya ammi? Lafiya, kawu?" idonsa na kan waya. Na faɗi laifina ƙarara, ban ɗora wa ƙanƙara ba.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai da babana ke cewa kalanda ce ke tambayar ka kwanan wata?" Ya daddanna wayar, sai dariyar ta ɗauke. Ana iya ƙara wa'adi daga nan, amma ba zai wuce ranar da iƙamar yaron za ta ƙare ba, ita ma kuwa ta kusa. Kwana tara kaɗai za a samu. Sabunta iƙamar kuma, ya ce, sai ya yi tunani, don jiragen da suke ciyarwa sun ragu, bai san ko yana bukatar kuku baɗi ba. Ya danna, ya ƙara kwana taran.

Na aika wa ɗana saƙo na gaya masa komai. Kwana biyu ba amsa. Ban san ko layi ne babu ba, ko magana ce ba ya son yi da ni. Na riƙa zuwa bakin teku da hantsi ina ƙirga jiragen da ke jiran shiga tasha, abin da ban taɓa yi ba, don a da ba su ƙirguwa.

Amsar da ta zo gajera ce: "Mun motsa." Bai ce Baba ba.

A tashar farko da suka tsaya a Turai ya roƙi kyaftin ya sallame shi, ya hau jirgin sama. Ya sauka Jidda saura kwana ɗaya. Leɓɓansa duk sun tsage, ya rame, ya ɗauki 'yarsa ya daɗe bai ajiye ta ba. Ni kuma ya sumbaci kaina kamar kullum, bai ta da maganar ba, har yau.

Bayan sati guda muna cin abincin rana ya ce kafili ya sabunta masa shekara ɗaya, ya kuma ce masa ita ce ta ƙarshe. Mutanen jirgin kuwa sun ce ya dawo da rani, suna ƙara jirage a hanyar sama. Uwarsa ta ajiye cokali ta dube ni, tana jira in hana. Na buɗe baki, na rasa da wane ƙarfi zan ce masa ya zauna, da kuma aikin da zan nuna masa a nan in ya zauna.

Na ce, "Wane wata za ku tashi?"