Ranar da Aka Soke Harajin

Da ƙarfe bakwai na safe rediyo ya sanar an soke harajin tura kuɗi ta waya. Maƙwabtanmu a unguwar Moshi Zango suna ta murna, amma Mma ta ci gaba da dama kokonta.

Baba yana sana'ar doya a Techiman. Tun da aka sa harajin ya rantse ba zai biya ba, sai ya riƙa kawo kuɗin cefane da kansa duk Juma'a, ya kwana biyu. Na san kuɗin mota ya fi harajin, amma ban taɓa faɗa ba.

Da yamma na daure na tambayi Mma abin da ke damunta.

Ta ce, "Yanzu me zai kawo shi gida?"