Nicasia Mai Wankin Zannuwan Tebur

Nicasia ba ta jefa zanen tebur cikin ruwa sai ta shinshina shi tukuna. Takan ɗaga shi, ta kai hanci, ta ce, “Jatan lande da tafarnuwa. Kuma miji da mata sun yi faɗa, dubi inda giya ta zube.” Sannan ta jiƙa.

Tun tana budurwa take wanke wa gidajen abincin cikin ganuwar birnin Cartagena da ke bakin teku zannuwansu. Ni nake ɗauko mata su a baro da safe, in mayar da yamma a goge. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, a unguwar da muka koma bayan cikin gari ya zama na baƙi. Mijinta masunci ne, teku ta riƙe shi tun 'yarsu Yorleidis tana goye. Da sabulu da dutsen guga ta raini yarinyar, har ta zama ma'aikaciyar jinya a birnin Medellín. Babu gidan abincin da Nicasia ba ta san ƙofar bayansa ba. Ta gaba kuwa ba ta taɓa shiga ba.

A 'yan shekarun nan hannunta na dama ya fara rawa. Ba mu taɓa yin maganar ba. Ni dai na fara matse mata manyan zannuwa, wai ina motsa jiki. Tsoronta ɗaya ne, kada Yorleidis ta gani. Yarinyar ta daɗe da gyara mata ɗaki can Medellín cikin duwatsu, inda babu teku, kuma ta ce duk ranar da ta ga aiki ya fi ƙarfin uwarta, ba za ta koma ita kaɗai ba.

Da Yorleidis ta zo hutu, sai ta ce za ta kai uwar yawon gari kamar yadda baƙi ke yi, har da cin abinci. Nicasia ta leƙo ta katanga.

“Tsoho, sa rigarka ta zuwa coci. Ta hannun damana za ka zauna.”

Na gane, so take in tare mata hannun. Na sa rigar.

Muka hau keken doki a ƙofar ganuwa mai agogo, rana ta yi sanyi amma dutse bai huce ba. Mai keken ya waiwayo yana dariya.

“Mama Nica, yau ke ce baƙuwa? Da Turanci zan yi miki bayani?”

“Ja dokinka, ɗan nema. Na san ka tun kana yawo ba wando.”

Ya nuna mana igwogin da ke kan ganuwa, da benaye masu furanni, da cocin da aka yi mana baftisma mu biyun. Yorleidis tana ta ɗaukar hoto. Nicasia ta cusa hannu ƙarƙashin jakarta, tana bin ƙofofin baya da ido. Da muka hau ganuwa da ƙafa ta zauna a kan igwa, ta cire takalmi ɗaya.

“Wai mutane ke ƙetaro teku don wannan wahalar?”

A ɗaya daga gidajen abincin da take yi wa wanki, mai kawo abinci ya ja mata kujera. Ta shafa zanen tebur, ta gane gugarta. Sai ta naɗe shi daga gabanta, ta bar katako tsirara. Saurayin ya dawo ya shimfiɗa. Yana juya baya ta sake naɗewa.

“Mama, don a ci a kai aka shimfiɗa shi,” in ji Yorleidis.

“Ai ba ke za ki wanke ba.”

“Yau ɗaya dai. Ki zauna kamar kowa.”

Ta bari aka shimfiɗa. Ta ce soyayyen kifi take so da soyayyar ayaba, abin da ake ci da yatsa, da hagu ma in an ga dama. Yorleidis ta sa aka kawo mata romon kifi da rogo, abin sha da cokali, wai ta san tana so. Na jawo kwanon gabana, na ce haƙorana ba sa iya komai sai romo. Na sha nawa, na sha nata. Ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Mun kusa tsira. Sai mai gidan abincin ya ji labarin wadda ke zaune, ya fito da kansa da ɗan kofin gahawa cike har baki, ya miƙa mata hannu da hannu. Irin wannan ba a mayarwa. Ta karɓa. Kofin ya fara ƙara a kan faranti. Na yi tari, amma tarin tsoho bai kai ya rufe komai ba. Gahawar ta bi farin zane har gaban Yorleidis.

Yarinyar ba ta dubi zanen ba. Ta kama hannun uwar, ta juya shi, ta riƙe kamar yadda take riƙe na marasa lafiya.

“Tun yaushe?”

Nicasia ta jawo gishiri da hagu tana barbaɗa wa tabon.

Yorleidis ta juyo wajena. “Baba Evaristo, har da kai?”

Na ce romon ya yi barkono da yawa.

Mai gida ya ce kada ta damu, ba komai. Nicasia ta ce masa gahawa ba ta kwana a jikin zane. Ta sa aka kwashe kwanuka, ta naɗe shi, ta sa a hammata. Haka muka fita ta ƙofar gaba, baƙi suna kallonmu.

A gida ta jiƙa shi a daro da lemun tsami, ta ce in rana ta fito za ta cuɗa ta shanya. Ina jin muryoyinsu ta katanga, ta Yorleidis ta fi yawa. Kafin ranar ta fito mota ta tsaya a ƙofa, akwati yana ciki.

Nicasia ta leƙo, da takalman jiya a ƙafarta.

“Likita kawai zan gani. Kada ka taɓa zanen nan, tsoho, ɓata shi za ka yi.”

Gidajen abincin sun koma kai wanki wurin masu inji. Zanen yana nan cikin daro a bayan gidanta. Nakan canza masa ruwa, amma ban sa sabulu ba.