Kawu Sale da Ɓerayensa 'Yan Boko

Ku da kuka san Kawu Sale, wane ne a cikinku bai taɓa shan dunguri a goshi ba? Ka miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya ɗora maka yatsa tsakanin idanu ya ce, "Ya mai unguwa? Yana aiki?" Wai a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu, a mutum bai fi ƙwayar wake ba, shi ke aika wa jiki umarni ta cikin jini: a yi tsawo, a balaga, a kawo nono. Shi ne ya raɗa wa suna mai unguwa.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ya ƙare ƙarfinsa a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya inda ake kiwon fararen ɓeraye. Da ya yi ritaya, kowa na dawowa da rediyo ko babur, shi sai ga shi a Dandume da kejin ɓeraye. Matarsa Inna Rabi ta ce ko ita ko su. Sai na wayi gari na tarar an kafa musu rumfa a bayan sitona.

Jama'a, ni fa masara nake sayarwa! Ranar da masu saye suka ji ana kiwon ɓera a jikin sitona, ranar kasuwata ta mutu.

Na ce, "Haba Kawu, ɓera da hatsi?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Waɗannan 'yan boko ne, ba sa sata sai an ba su muƙami."

Kuma ba ƙanana yake so ba, tsufansu yake jira. Ya ce namiji da mace ba tsufa ɗaya suke yi ba, su ma manyansa a Zariya abin da suka yi ta dubawa ke nan. In namiji ya tsufa, ƙwayoyin mai unguwarsa masu tada sha'awa sai su yi sanyi. Tsohuwar kuwa, masu kawo nono ne ke ƙara yawa, alhali ta bar haihuwa. Yana cikin yi mini wannan karatu Inna Rabi ta iso da kwanon tuwo, jika a goye.

Ta ce, "Shi ya sa kai kullum kana miƙe a tabarma, ni ina raino."

Ya juyo gare ni da murna, "Ka ji ko? Bincike ya tabbata!"

To, ka san garinmu. Magana ta fita daga bakinsa da kai, ta isa tasha da ƙafa. Aka ce Kawu Sale na haɗa maganin maza da ƙwaƙwalwar ɓera.

Wata ranar kasuwa wani babban Alhaji daga Funtua, wanda shi ke kwashe mini kaya tirela-tirela, ya iso. Bai ko buɗe buhu ba, ya ce zai zaga. Sai na ga ya nufi bayan sito. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Na laɓe a jikin katanga ina saurare.

Alhaji ya yi ƙasa da murya, "Malam, an ce kana da na mai unguwa."

Kawu ya ja shi gaban keji, ya nuna masa wani tsohon ɓera yana gyangyaɗi. "Alhaji, ka ga wannan? Da ƙuruciyarsa shi ya cika gidan nan da 'ya'ya. Yanzu ko amarya aka kai masa juya mata baya yake yi. Da ina da magani, ai da shi zan fara."

"To yanzu ya zan yi?"

"Abin da yake yi. Ka ci, ka yi barci, ka gode wa Allah."

Alhaji ya zagayo muka yi kiciɓis. Ya dube ni, na dube shi. Ya gyara hula ya ce, "Ban ga ɓera ba. Kai ma ba ka gan ni ba." Har yau a wurina yake lodi, kuma bai ƙara neman ragi ba.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, saura biyu a kejin, tsoho da tsohuwa. Ya riƙe hannuna ya ce kada in sa musu guba, in bar su su ƙarasa. Ni da na yi rayuwata ina yaƙi da ɓera, sai ga ni kowace safiya ina ɗebar musu masara mai kyau, ba ta shara ba. Tsohon ɓeran ne ya riga tafiya. Na juya zan je in gaya wa Kawu, sannan na tuna.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya sanyaya makwancinka, ya ba Inna haƙuri.